Ƙaramar laftof ta gem a zafin Abuja: masu ita ku faɗa mana gaskiya

Sadiq na Kubwa
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka riƙe abin a hannu, don na YouTube na kalla har na gaji. Ina aikin zanen gine-gine a wani ofis a Wuse 2, kullum daga Kubwa nake tasowa, mota biyu kafin in isa. Laftof ɗina mai inci 15.6 ce, idan aka haɗa da cajarta jakar tana haura kilo uku, kafaɗata har ta fara ciwo. Ina so in koma ƙarama mai inci 14 irin ta gem, wadda za ta ɗauki manhajojin zanen gini, Revit da Lumion, da rana, da dare in ɗan buga gem ɗin ƙwallo na FC. Hankalina ya fi karkata ga Zephyrus G14 ta ASUS, ta hannu, don sabuwa ta fi ƙarfin aljihuna tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023. Abin da ke ba ni tsoro zafi ne. Masu gwajin nan a ɗaki mai sanyi suke gwadawa, mu kuwa ga Maris yana tafe, kuma ɗakina ba esi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don Allah ku faɗa min.

Baban Khalifa
Wa alaikumus salam. Ita nake riƙe da ita a Gwarinpa, ta 2021, mai firosesa Ryzen 9 5900HS da katin hoto RTX 3060. Nauyinta bai kai kilo biyu ba, kuma ranar da na fara saka ta a jaka sai da na sake buɗewa na duba ko na manta ta a gida. Ta wannan fuskar ba ni da abin cewa sai godiya. GTA V da FC tana buga su ba tare da ta ji a jikinta ba. Red Dead Redemption 2 sai na rage wasu abubuwa, amma yana tafiya lafiya. Maganar zafi kuma, duk ƙaramar laftof ta gem tana ɗaukar zafi, wanda ya ce maka ba haka ba bai buga gem da ita da rana tsaka ba. Abin tambaya shi ne ko za ka iya sarrafa shi, kuma ana iyawa. Bari in sallami yara makaranta in dawo in faɗa maka yadda na yi.

Malam Auwal Lugbe
Sadiq ƙanina, taura biyu ba ta taunuwa. Kana son ƙarama, kana son ƙarfi, kana son sanyi, kana son araha. Kuɗin da za ka zuba a wannan, ka haɗa kwamfutar tebur a gida, ka sayi laftof mara nauyi ta ofis. Ko ka sayi PS5 tunda ƙwallo kake bugawa. Ni na bi wannan hanyar da kake son bi, na dawo.

Sadiq na Kubwa
Malam Auwal, na yi wannan tunanin. Matsalar ita ce aikin nawa yana bina. Yau ina ofis, gobe ina wurin gini a Lokogoma, jibi mai gida ya ce in zo falonsa in nuna masa yadda gidan zai kasance, ya ce a canza kalar bango yana kallo. Kwamfutar tebur ba za ta shiga tasi ba.

Injiniya Bala
Bari in sa baki, tunda buɗe cikin waɗannan na'urori ne sana'ata. Abu ɗaya nake so Sadiq ya riƙe kafin komai: sunan katin hoto, wato abin da ke zana hoton da kake gani a sikirin, ba ya gaya maka ƙarfinsa, sai ka san wat nawa na wuta aka ba shi. Misali, RTX 3060 da ke cikin G14 ta 2021 iyakarsa wat 80. RTX 3060 ɗin da ke cikin Legion 5 ta Lenovo ta shekarar yana kai wat 130. Suna ɗaya, kwali ɗaya a jiki, amma ba gudu ɗaya ba. Haka RTX 4060 na laftof, kamfanin NVIDIA ya ba masu ƙera laftof damar su saita shi daga wat 35 har zuwa 115, a ƙara masa 25 idan firosesa ba ta cikin aiki mai nauyi. To ka ga mutum biyu za su iya cewa “tawa 4060 ce”, alhali ɗaya doki ya hau ɗaya jaki.

Me ya sa ba a ba ƙaramar wat mai yawa? Saboda kusan duk wat ɗin da ya shiga, zafi yake komawa. Ka tuna ƙwan fitila irin na da, mai wat 100, wanda ba ka iya taɓa shi idan ya daɗe a kunne? To kati mai wat 80 da firosesa mai wat 35 sun fi wannan ƙwan fitar da zafi, kuma an rufe su a cikin abin da kaurinsa bai kai santimita biyu ba, da ƙananan fanka biyu. Babu sihiri a ciki. Bututun jan ƙarfe yana ɗauko zafin ya kai shi ga wasu siraran haƙora kamar na mataji, fanka ta hura musu iska. Iskar ɗakinka ita ce duk abin da take da shi. In ɗakin ya ƙara digiri goma, cikinta ma kusan digiri goma zai ƙara. Masu gwaji a waje suna yi a ɗaki mai digiri 22 zuwa 25, mu kuma a Maris da Afrilu Abuja takan haura 36 da rana. Shi ya sa tsoronka yana kan hanya.

Ɗan Farin Gada
Mu dai a Jos ba mu san wannan damuwar ba. Ina karatu a Jami'ar Jos, tawa ma mai inci 14 ce, a watan Disamba da dare fankar ko motsi ba ta cika yi idan ina karatu. Har ɗumin kibod ɗin nake jin daɗi lokacin da yatsu suka ƙage. Ku dawo Filato kawai.

Injiniya Bala
Ɗan Farin Gada, sanyinku gaskiya ne, kuma yana taimakonka sosai. Amma kar ka saki jiki. Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, iskar can ta fi ta Legas sirantaka da kusan kashi ɗaya cikin goma, wato duk juyin fanka iskar da take turawa ta ɗan ragu. Sanyin ya fi wannan rinjaye, shi ya sa ba ka lura. Abin da ba ka tsira daga gare shi ba shi ne ƙurar hunturu. Yaushe rabon da a buɗe ta?

Ɗan Farin Gada
Gaskiya Injiniya, tun da na saya ba a taɓa buɗewa ba. Shekara ɗaya da rabi ke nan.

Injiniya Bala
To ka kai ta kafin hutu ya ƙare. Za ka ga abin da zai ba ka mamaki.

Maman Ilham
Ni zan faɗi nawa ɓangaren, don kar Sadiq ya ji daɗin kawai. Ina tace bidiyon biki da na suna, a Karu nake. Tawa ba irin wadda ya ambata ba ce, wani kamfani ne, ba zan kira suna ba. Kyakkyawa ce, jikin ƙarfe, siririya, duk wadda ta gan ta a wurin biki sai ta tambaye ni. Wata takwas na farko kamar a mafarki, bidiyon da tsohuwata ke ɗaukar awa guda tana fitarwa, wannan kafin in idar da sallah ta gama. Daga nan na fara lura wurin da ake shafa yatsa ya ɗan taso, dannawa ba ta shiga sosai. Na ɗauka datti ne. Ashe batir ne ya kumbura a ƙarƙashi yana turo shi. Da aka buɗe, ya yi kamar matashin kai. Wallahi na tsorata, don a kan gado nake aiki da ita, yarinyata tana kwance a gefe.

Mai gyaran ya tambaye ni abu biyu: ina nake ɗora ta, kuma caja tana jiki kullum? Duka biyun amsar ba ta yi daɗi ba. A kan katifa nake ɗorawa, inda take shan iska ta ƙasa ya toshe, kuma dare da rana tana cike a kashi 100 saboda tsoron ɗauke wuta. Neman batir na asali ya ɗauke ni sati biyar, a tsakiyar lokacin bukukuwa, sai da na mayar wa mutum biyu kuɗinsu. Wannan ne abin da ba a faɗa maka a bidiyon talla. Kafin ka saya, ka tambaya ko ana samun batirinta da fankarta a nan Abuja. In an ce sai an yi oda daga waje, ka yi tunani sau biyu.

Sai ƙara. Idan tana fitar da bidiyo, fankar tana wani irin fito mai tsini, ba irin gurnanin manyan ba. Da rana ba ka damuwa, amma da dare a gida mai ɗaki biyu kowa yana ji.

Sadiq na Kubwa
Subhanallah. Allah ya ƙara tsarewa Anti. Wannan maganar batir ɗin ban taɓa kawo ta a raina ba.

Baban Khalifa
Na dawo. Maman Ilham ta taɓo inda zan fara. A cikin manhajar ASUS akwai inda za ka ce caji ya tsaya a kashi 80 ko 60, sauran kamfanoni ma da yawa suna da irinsa. Batirin lithium abu biyu ne ke tsufar da shi da wuri, zafi da zama a cike, a laftof ta gem kuma sukan haɗu lokaci guda. Ni a 80 nake barinsa. Na san abin da za a ce, a ƙasar da ba ka san lokacin da za a ɗauke wuta ba, wa zai yarda ya bar kashi 20? Nima na yi wannan gardamar da kaina. Abin da nake yi, ranar da zan yi tafiya ko zan wuni a waje sai in cika shi, sauran ranaku 80. Yau shekara uku, batirin bai taso ba.

Na biyu, kuma wannan shi ne ya canza min komai: na kashe ƙarin gudun firosesa. Ita 5900HS asalin gudunta gigahaz 3.0 ne, amma tana zabura har 4.6 duk lokacin da ta ga dama, ko da abin da kake yi bai buƙata ba, kuma wannan zaburar ce ke kawo yawancin zafin. Yawancin gem katin hoto suke wahalarwa. Da na kashe, a ma'aunina zafin firosesa ya sauko daga casa'in da wani abu zuwa saba'in da wani abu, kuma a FC ban ga bambanci da idona ba. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta, G-Helper, da masu G14 da yawa ke amfani da ita a madadin Armoury Crate, manhajar saiti ta ASUS, maɓalli ɗaya ne a cikinta. Ko a saitin wuta na Windows, ka mayar da iyakar firosesa kashi 99, shi ma yana hana zaburar.

Na uku, na ƙayyade gem a firem 60, wato hoto 60, a sakan. In ka bar shi sake, katin zai yi ta gudu yana fitar da ɗari da wani abu, yana cin wuta a banza. Na huɗu, na ɗaga bayanta. Ba wani abu na saya ba, katako ne wani kafinta ya yanka min.

Sadiq na Kubwa
Baban Khalifa, to Revit fa? Na ji an ce shi firosesa yake ci.

Baban Khalifa
Haka ne, a nan kam sai ka mayar da zaburar. Injiniya ya fi ni sani.

Injiniya Bala
Revit yawancin aikinsa a kan gudun firosesa da yawan RAM yake, kuma zabura ce ta ɗan lokaci, ba irin wutar gem ta awa biyu ba, don haka ka bar masa ƙarin gudun. Lumion shi ne zai gwada ka. Katin hoto yake ci, musamman ma'ajiyar katin. RTX 3060 na laftof gig 6 gare shi, 4050 ma 6, 4060 da 4070 kuma 8. Idan ka cika fili da bishiyoyi da motoci da mutane, gig 6 yakan cika, kuma in ya cika ba zafi ba ne matsalar, komai ne zai fara rarrafe. Ga aikinka, zan fi son ka daure ka kai ga gig 8.

Kuma ka san shekarun, don G14 ba abu ɗaya ba ce. Ta 2020 da ta 2021 ba su da kyamara, in kana taron bidiyo da masu gida sai ka sayi ta waje. Ta 2022 an saka kyamara, an ƙara tsawon sikirin zuwa 16:10, an saka faifan tururi wajen sanyaya, amma katinta na AMD ne, Radeon RX 6700S ko 6800S. Ba laifi a gem, sai dai wasu manhajojin zane sun fi sabawa da NVIDIA, misali OptiX, hanyar saurin fitar da hoto a manhajar Blender, a katin NVIDIA kaɗai yake aiki. Ta 2023 ta dawo NVIDIA. Ta 2024 an sake mata jiki gaba ɗaya, ta ƙara sirancewa, kilo ɗaya da rabi, sikirin OLED, amma RAM ɗinta duk an like shi a jikin bod, wato babban allon cikinta, abin da ka saya da shi za ka rayu. Na kafin ita suna da gurbi ɗaya da za ka iya ƙarawa. Ga mai Revit wannan gurbin yana da daraja.

Malam Auwal Lugbe
Kun ga abin da nake faɗa? Ka sayi abu da kuɗi mai yawa, sannan a ce ka kashe wannan, ka rage wancan, ka ɗaga bayanta da katako. To ƙarfin da ka biya ina ya tafi? Wadda na taɓa riƙewa, ba zan ambaci kamfanin ba, minti ashirin na farko kamar iska, daga nan ta yi zafi ta fara rage gudu da kanta, ana tsakiyar wasa hoto ya fara tsalle. Kuma iskar da take fitarwa ta gefen dama a kan hannun da ke riƙe da maus take sauka. A watan azumi na ce na haƙura.

Injiniya Bala
Malam Auwal, abin da ka gani gaskiya ne. Katin NVIDIA na laftof yana fara rage gudu da kansa a wajen digiri 87 don ya kare kansa, firosesa kuma a casa'in da wani abu. Ba lalacewa ba ce, amma ga mai buga gem ciwo ne. Inda na saɓa da kai shi ne lissafin wuta. Kwamfutar tebur ta gem da sikirinta za su iya cin wat 400 ko fiye. PS5 kusan 200 take ci a cikin wasa, ban da talabijin. Cajar G14 ta 2021 iyakarta wat 180, kuma ba kullum take kaiwa can ba. Wanda ke kan ƙaramar inbata ko sola ya san bambancin. Sannan idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, ta tebur ta mutu da aikinka, laftof kuwa batirinta ya riƙe. Nawa aka kawo min kwamfutocin tebur da wuta ta ƙona musu akwatin wuta?

Malam Auwal Lugbe
Wannan na yarda da shi. Amma a kan batir ai ba ta gem.

Injiniya Bala
Ba ta yi yadda ya kamata, gaskiya ne. Tana rage ƙarfi sosai, kuma da wuya ta wuce awa ɗaya da ɗan wani abu. Amma ta ba ka lokacin ajiye aiki da tayar da janareta.

Mubarak Nyanya
Tunda ana maganar buɗewa, bari in gargaɗi Ɗan Farin Gada da kowa. Wasu daga cikin waɗannan laftof ɗin ba man sanyaya na yau da kullum aka shafa wa firosesarsu ba, ruwan ƙarfe ne, mai kama da azurfa narkakkiya. Tawa haka take, ban sani ba. Na kai wa wani mai gyara don ya hure ƙura kawai. Ina waya a waje, shi kuma don ya kyauta min sai ya ɗage bututun gaba ɗaya wai zai canza min mai. Ɗigo ɗaya ya gangara kan bod. Aka rufe, aka danna, shiru. Har yau tana cikin durowa. Ban yi faɗa da shi ba, don na ga shi ma jikinsa rawa yake, bai taɓa ganin abin ba. Amma kuɗin da na tara na shekara guda ne suka tafi.

Maman Ilham
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri Mubarak.

Baban Khalifa
Amin. Sadiq ka lura da wannan, G14 ma ruwan ƙarfe ASUS ke saka wa firosesarta.

Injiniya Bala
Allah ya musanya maka Mubarak. Ruwan ƙarfen nan yana ɗauke zafi fiye da kowane mai, shi ya sa ake saka shi a ƙananan. Amma yana ɗaukar lantarki, kuma sinadarin galiyom da ke cikinsa yana cin alminiyom. Hure ƙura ba ya buƙatar a taɓa shi ko kaɗan. Ga yadda ake yi, kowa ya tsaya a kan mai gyaransa ya gani: a kwance murfin ƙasa, a cire igiyar batir tukuna, a riƙe fankar da yatsa kafin a hura mata bulowa, don in ta yi ta juyawa da ƙarfin iska tana iya lalacewa. Ainihin dattin ba a kan fankar yake ba, yana tsakanin fanka da haƙoran nan, ya dunƙule kamar auduga. Na sha ciro shi kamar bargo, iska ba ta wucewa ko kaɗan, fanka tana ta ihu a banza. A sa buroshi mai laushi a cire. Shi ke nan. Sukurorin bututun kar a taɓa su.

A Abuja ina ba da shawarar sau biyu a shekara, ɗaya a ƙarshen hunturu wajen Fabrairu kafin zafi ya shigo, ɗaya bayan damina. Wanda ke kusa da hanyar da ba kwalta ko inda ake gine-gine, ya ƙara. In kuma mai na yau da kullum ne a taka kuma ya bushe, akwai wani siririn abu na Honeywell, PTM7950, yana narkewa a wajen digiri 45 ya cike gurbin, ba ya ɗaukar lantarki, kuma yana daɗewa. Sai dai jabunsa ya yi yawa, a kula.

Ɗan Farin Gada
Na kai ta jiya a Ahmadu Bello Way, na tsaya a kansa kamar yadda ka ce. Injiniya, bargon nan da ka faɗa, sai da na ɗauki hotonsa. Na ɗauka shirun da take yi lafiya ce, ashe sanyin gari ne ke rufa min asiri.

Hafsat Jabi
Ni tambayata ta siffa ce, kar a ce ba ta da muhimmanci. Fara ko mai toka-toka? Kuma fitilun nan na bayan murfi suna da amfani?

Baban Khalifa
Tawa fara ce Hajiya, tana da kyau ƙwarai, kuma ba ta nuna shatin yatsa. Amma jar ƙurar garin nan tana son fari, sai da goge-goge. Fitilun, AniMe Matrix suke ce musu, ado ne kawai, kai da kake gabanta ba ka ma ganinsu, kuma suna shan batir. Akwai samfurin da ba shi da su. Abin da na fi so a siffarta shi ne ba ta ihu da launuka, za ka buɗe ta a taron ofis ba wanda zai ce abin wasa ka kawo. Kuma idan ka buɗe murfin yana ɗan ɗaga bayanta da kansa don iska ta shiga. Sai dai Sadiq ya sani, mai inci 14 ba ta da maɓallan lambobi na gefe. Mai buga awo duk rana zai ji rashinsu.

Sadiq na Kubwa
Wannan kam zan ji. Amma akwai ƙaramin kibod na lambobi da ake jonawa, zan ajiye ɗaya a ofis. To in na je saye, me zan duba? Asabar nake son shiga Banex.

Injiniya Bala
Kar ka yarda da kunnawa a nuna maka hoton fuska mai kyau. Ka tafi da HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da wat, da gem ɗaya mai nauyi a filas, ko ma fayil ɗinka na Lumion, wanda ya fi wahalar da tsohuwarka. Ka jona caja, ka bar ta tana aiki minti talatin cur, kana kallon zafi da wat ɗin da katin ke ci. Minti biyar na farko kowace laftof jaruma ce. In ka ga wat yana faɗuwa yana tashi bayan minti goma sha biyar, akwai magana. Ka saurari fankokin biyu, ka sa hannu ka ji iska tana fita ta kowane ɓangare. Ka buga powercfg /batteryreport a Windows, zai nuna maka asalin ƙarfin batir da abin da ya rage. Ka ɗora ta a kan gilashi ko tebur mai santsi ka ga ko tana lilo, alamar kumburi ke nan. Ka duba kan sukurori ko sun cinye, ka shiga bayos (BIOS), saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka tabbata ba a kulle shi da lambar sirri ba. Sai caja: ta asali. Caja mara ƙarfi tana sa laftof ta rage gudu ko ta riƙa cin batir alhali tana jone. Ta USB-C mai wat 100 tana da kyau don ofis da tafiya, ta rage maka nauyin jaka, amma ba ta Lumion ba ce. Mai kaya na gaskiya ba zai hana ka minti talatin ba.

Malam Auwal Lugbe
Ni dai har yanzu ina kan bakana, amma tunda ka ƙudura, ka bi maganar Injiniya sau da ƙafa. Kuma ka karɓi rasit mai lambar na'urar, da sharaɗin kwana nawa za ka iya mayarwa. Allah ya sa albarka.

Sadiq na Kubwa
'Yan'uwa na dawo da labari. Na gwada uku. Ta farko, wani kamfani daban, batirinta ya rage kusan rabi, na ajiye. Ta biyu mai shagon ya ce minti talatin ya yi yawa, na yi masa godiya na fita. Ta uku G14 ce ta 2023 mai RTX 4060 da RAM gig 16, mai toka-toka, ba fitilu, da cajarta. Na ɗora mata fayil ɗin wani rukunin gidaje da tsohuwata ke yi wa rarrafe, ta juya shi ba tangarɗa, wat bai faɗi ba har minti talatin ya cika. Amma shagon da esi, don haka ban yarda ba sai da na sake gwadawa a ɗakina jiya Lahadi da ƙarfe biyu na rana, fankar sama kawai ke juyawa. Zafin katin ya tsaya a digiri 81 zuwa 83, firosesa ta taɓa 94 kafin in kashe zaburar, bayan nan ta zauna a ƙasa da 80. Saman kibod, kusa da sikirin, ba ya taɓuwa da daɗi, amma inda tafin hannu ke zama lafiya. Ƙara kuma akwai ta, Anti Maman Ilham ba ki yi ƙari ba, ƙanina ya leƙo ya tambaya ko ruwa aka fara. Na saita caji a 80, na ɗora bayanta a kan littafi kafin in samu katako. Yau da safe na rataya jaka daga Kubwa har Wuse ban sauya kafaɗa ba.

Injiniya, saura RAM. Gig 16 zan ƙara ko 32?

Injiniya Bala
Barka, Allah ya sa ka more ta. Ka fara duba nawa ne a like a bod, nawa ne a gurbi, HWiNFO zai nuna maka, don samfurin ba ɗaya ba ne. RAM nau'in DDR5 take ɗauka, kar a ba ka DDR4, ba zai ma shiga ba. Turo min hoton abin da ya nuna tukuna. Kuma tunda za a buɗe murfin, ka zo da ita ranar Asabar da safe mu duba haƙoran nan gaba ɗaya, ba mu san ƙurar wace ƙasa ta kwaso ba kafin ta iso hannunka.